Kuskure Ɗaya Tak

Ƙanena ya ƙare ƙuruciyarsa yana rubuta kuskure da gangan, ana kuma biyansa albashi a kai. Ni tela ce, a sana'ata wanda ya ɓata yadi shi ke ɗaukar asara, saboda haka na daɗe ina yi masa tsiya da wannan magana. Duk wanda ya tambaye ni aikinsa a gabansa, sai in ce ɓarna yake yi wa kamfani, su kuma don rashin sanin ciwon kai suna ta lallaɓa shi. Ba ya musu. Gyara zaman gilashinsa kawai yake yi, ya ce Yaya ta faɗi rabin gaskiya.

Tsanaki muke ce masa a gida. Mahaifiyarmu ce ta laƙaba masa, don tun yana ƙarami in aka aike shi sai ya tsaya a bakin ƙofa ya maimaita saƙon, ya tambayi abin da zai yi in bai samu ba, ya kuma tambayi abin da zai yi in ya samu amma ba irin wanda ake so ba. Ni da na goye shi na fi kowa shan haushin wannan hali. Ina da saurin fushi da saurin hannu, ya sha ranƙwashina ba adadi, amma bai taɓa sauya tafiyarsa saboda ni ba. Da mahaifinmu ya rasu, da kekena na ɗinki aka ƙarasa masa makaranta. Ban faɗi haka don gori ba, na faɗa ne don a san cewa ina da bakin magana a kansa.

Ya karanta kwamfuta. Abokan karatunsa suka bazu suna ƙera manhajoji, wasu har sunansu ya fito, shi kuwa ya samu tebur kusa da taga a wani ofis da ke hawa na sama, ya zauna a wurin kamar an dasa shi. Sai da ya shekara da shekaru a kan teburin nan kafin in matsa masa ya yi mini bayanin aikin yadda zan gane. Ranar yana zaune a bencin shagona, ina gugar wata riga.

Ya ce masu rubuta manhaja ba da kwamfuta suke magana kai tsaye ba. Akwai wata manhaja a tsakani, su suna ce mata kwamfaila, ni in ɗauke ta a matsayin tafinta. Mutum zai rubuta abin da yake so, tafinta ya juya shi zuwa abin da inji ke ji. In rubutun ya karkace, tafinta ba ya lallashi, sai ya tsaya cak, ya jefo gajeren saƙo da lamba a jikinsa. Kowane irin kuskure da lambarsa. Saƙon kuwa sau da yawa bai fi maganar maigadi ba, ba ka shiga, ba kuma za a gaya maka dalili ba. To aikin ƙanena shi ne ya rubuta wa kowace lamba shafinta. A shafin zai kawo misalin rubutu mai wannan kuskure, ya faɗi abin da ya sa tafinta ya ƙi shi, sannan ya kawo gyararren misali a ƙasa.

Na ce wannan ai ko ni zan iya, lalata abu har wani aiki ne? Ya ce in gwada ɗinka riga wadda komai nata daidai ne, wuya da hannu da tsawo da aljihu, amma ramin maɓalli guda ya kauce, shi kaɗai, kuma ya kauce yadda duk wanda ya kalla zai ce ga matsalar. Na gane nufinsa, domin na san riga in ta tashi lalacewa ba ta tsayawa a wuri ɗaya.

Ashe ƙa'idar ofishinsu ke nan. Ba a yarda da misali don marubucinsa ya ce ya lalace. Akwai magwaji, wata manhaja da ke ɗaukar kowane lalataccen misali ta miƙa wa tafinta. In tafinta ya ƙi shi da lambar shafin, ita kaɗai, sai shafin ya nuna kore. In ya karɓe shi lafiya, ko ya ƙi shi da wata lamba daban, sai ya nuna ja. Ƙanena kuma ya ƙara wa kansa wata ɗabi'a da ba wanda ya ɗora masa. In shafi ya yi kore, sai ya gyara misalin ya zama lafiyayye don ya ga magwajin ya koma ja, sannan ya sake lalata shi. Cewa yake koren da bai taɓa ganin jansa ba bai san shi ba. Abokan aikinsa sun sha yi masa dariya a kan wannan ɓata lokaci.

Abin da ya fi damunsa a duniya shi ne wanda zai karanta shafin. Ya ce ba wanda ke zuwa wurinsa cikin nishaɗi. Mai zuwa mutum ne da aiki ya cije masa, shugabansa na jira, yana kuma jin kunyar tambayar na kusa da shi. Shi ya sa bai taɓa rubuta cewa abu kaza mai sauƙi ne ba, ko kowa ya san kaza. In wani ya rubuta haka a shafi, sai ya bi ya goge. Sunansa ba ya jikin ko ɗaya daga cikin shafukan, kuma ban taɓa jin ya yi ƙorafin haka ba. Ni ce nake yi masa ƙorafin.

Rayuwarsa ta gida ma haka take. Ya auri malamar makaranta mai sanyin hali, suka haifi 'yan mata biyu, suka zauna a gida ɗaya har fentin ƙofar ya koɗe. Ƙarfen da yake rataye makullinsa ba ya sauyawa. An taɓa yi masa tayin shugabancin sashensu, ya ce a ba wani, shi ba ya iya taro. Wanda aka ba ɗin Dogo ne, wanda ya zo ofishin a bayansa, kuma a hannunsa ya koyi rubuta shafi. Har ya zama shugaba bai daina kiran ƙanena Malam ba.

Aikin ƙarshe da aka ba shi na alamomi ne. Waɗannan wasu 'yan gajerun umarni ne da ake liƙawa a saman layin rubutu, suna gaya wa tafinta yadda zai ɗauki abin da ke ƙasa. Kamar 'yar takardar da nake maƙalawa a jikin yadi da allura, in rubuta a yi hannu dogo, ko kada a sa aljihu. Kowace alama da yadda ake rubuta ta, wata tana son a buɗe alamar baka biyu a lissafa abubuwa a ciki, wata tana son suna, wata ba ta son komai. In aka rubuta ta a karkace, tafinta ya jefo lamba. An sabunta tafintan nasu, lambobin karyayyun alamomi suka yi yawa ba shafuka, sai aka tattara aka ba ƙanena. Ya ci rabi da wani abu lokacin da ciwon ya same shi.

Da safe ne, ya sunkuya zai sa takalmi ya tafi aiki, sai bai ɗago ba. Likita ya ce shanyewar ɓarin jiki ce, kuma mun yi sa'a an kawo shi da wuri. Maganarsa ta dawo a hankali, ƙafa ta dawo da sanda, hannun dama kuwa ya ƙi. Yana nan a jikinsa, a lanƙwashe, yana ɗaukarsa da na hagu ya ajiye a cinya. Na yi kuka a bayan ɗakin asibiti inda ba zai gani ba, na wanke fuska na shigo na ce masa ya daina lalaci ya tashi.

Bayan watanni ya koma ofis. Dogo ya riƙe masa teburinsa, ya kuma hana kowa taɓa sauran shafukan alamomin, ya ce na Malam ne, ba gaggawa. Ƙanena ya soma bugu da hannun hagu, yatsa ɗaya. Bayanin yana fitowa, a daddafe amma yana fitowa. Misalan ne suka ƙi. Mutumin da ya saba karya abu a wuri ɗaya tak, yanzu sai misalinsa ya karye a wuri uku. Tafinta ya ƙi shi, amma da wata lamba, ba wadda ake nema ba, shafi ya yi ja. Ya gyara nan, can ya ɓalle. Matarsa ta ce mini yana dawowa gida ido jawur, ya zauna bai ko cire hula ba.

In ka tambaye shi, amsarsa ɗaya ce, hannu ne. Hagu bai saba ba, yana zamewa ya taɓa abin da ba a sa shi ba, in ya saba komai zai daidaita. Ya riƙe wannan magana gam, mu ma muka taya shi riƙewa, domin kowa a gidan ya san abin da ake gudu. In hannu ne, ƙanena yana nan, haƙuri kawai ake nema. In kuwa ba hannu ba ne, to ciwon ya shiga inda aikin yake zaune. Likita bai yanke ba, ya ce lokaci ne zai nuna.

Wata ranar sai ga shi a waya, muryarsa cike da murna. Shafukan da suka yi ta ba shi wahala sun yi kore, dukansu. Ya shiga ofis da safe ya tarar da su haka, wato gyaran da ya yi jiya kafin ya tashi ya ci. Na rufe shago na tafi gidansa. Na tarar da shi a tsakar falo yana dariya da ɓarin bakinsa mai motsi, 'yan matan na tsokanarsa, matarsa ta fito da kofunan da ba a fitowa da su sai an yi baƙi. Rabona da ganinsa haka tun kafin ciwon. Na ji daɗi har na rasa abin da zan yi masa tsiya da shi.

Murnar ba ta kai ƙarshen mako ba. Tsanaki dai Tsanaki ne. Da ɗokin ya lafa, sai ya koma ga tsohuwar ɗabi'arsa. Ya ɗauki shafi guda, ya share lalataccen misalin, ya kwafo gyararren da ke ƙasa ya ajiye a madadinsa, ya jira ja. Shafin ya tsaya kore. Ya share misalin gaba ɗaya, ya buga shirme da tafin hannu, haruffa barkatai, ya sake gwadawa. Kore. Sai ya leƙa saman misalin, a ɓangaren da mai karatu ba ya gani, ya tarar da wata 'yar alama da ba shi ya liƙa ba. Ma'anarta kada a gwada wannan. Tana kan kowane shafi da ya yi kore.

Dogo bai ɓoye ba da aka tambaye shi. Ya rufe ƙofar ofishinsa, ya ce shi ne. Ƙanena ya gaya mini abin da ya ce, kusan kalma da kalma.

“Malam, kullum ina hango ka ta gilashin nan kana fama da shafi ɗaya tun safe har a tashi. Na kasa jurewa. Na ce in ka ga kore za ka samu ƙarfin gwiwa, ni kuma in bi a hankali in daidaita misalan ba ka sani ba.”

“Da mutanen da za su karanta kafin ka bi fa?” in ji ƙanena. “Mutum ya zo a matse, mu ba shi misalin ƙarya?”

Dogo ya sunkuyar da kai, ya ce ya yi kuskure, a yi haƙuri. Da na ji labarin na ɗauki mayafi zan je in wanke shi tas a gaban ma'aikatansa, matar ƙanena ta riƙe ni. Daga baya na huce. Yaron ba mugunta ya yi ba, ƙauna ce ta rasa hanya, kuma da kayan aikin da ya sani ya yi ta. Sai dai ya taɓa mutumin a wurin da ba a taɓa shi. Ƙanena ya cire alamomin da kansa, ɗaya bayan ɗaya, shafukan suka koma ja, ya rufe kwamfutarsa ya tafi gida tun rana ba ta yi ba.

Kwana biyu bai je aiki ba. A na uku, da yamma, sai ga shi a ƙofar shagona, sanda a hagu, jakar kwamfuta a wuya. Ya ce in kawar da almakashi da zare daga kan teburin yanka. Ya ajiye kwamfutar, ya juya ta wajena, ya ja kujera ya zauna a gefe.

“Yaya, aron hannu na zo. Ni zan faɗa, ke ki buga.”

Na ce ni da ko saƙon waya sai 'yata ta duba mini? Ga matarsa da ta iya, ga 'yan matan da yatsunsu ke gudu kamar keken ɗinki.

“Su za su tausaya mini. 'Yan matan ma sun soma gane aikin, za su gyara ba su faɗa ba. Ke ba ki san komai a ciki ba, ba za ki iya gyarawa ko kin so ba. Kuma ba ki taɓa raga mini ba.”

Ban san ko yabo ne ko zagi ba, na sa gilashina na zauna. Na gane abin da ya zo yi. Ya zo ya cire hannun daga cikin lissafi ne, ya ga abin da zai rage.

Shafin na wata alama ne da ke son a lissafa mata abubuwa a cikin baka, misalin kuma zai bar bakan fanko. Nan kaɗai ake so ya karye. Ya soma faɗa, harafi bayan harafi. Buɗe baka, rufe baka, sauka layi, ruwa biyu, waƙafi. Ina nema da yatsa ɗaya, ina bugawa, ina maimaita masa kafin in wuce. Wata mai kaya ta leƙo tana tambayar rigarta, na ce ta dawo gobe, ko kallonta ban yi ba. Da muka gama ya nuna mini maɓallin da zan danna. Kwamfutar ta yi ɗan jim, ta nuna ja.

Ya ce in karanto masa lambar. Ba ta shafin ba ce. Ya ce in danna kanta, sai ga wani shafi ya buɗe, ya ce in karanta da ƙarfi. Bayani ne a kan wanda ya kira sunan abu bai riga ya gabatar da shi ba. An rubuta shi a natse, ba faɗa, ba nuna iyawa, har ni da ban san komai ba na kama bakin zaren. Na kai tsakiya kafin in gane muryar wa nake ji. Nasa ne, na shekarun baya. Yana zaune ido rufe yana sauraro kamar ɗalibi, yana gyaɗa kai.

Ya ce ya gane, a gyara layi na biyu. Muka gyara. Ja, da wata lambar. Muka sake, ya canza wuri, ya mayar da abin da ya cire. Ja. A karo na gaba ya tsaya a tsakiyar layi, bakinsa a buɗe, yana neman abin da ke biye. Na ga yana lalube a cikin kansa, yadda nake lalube a akwatin maɓallai in na san akwai irin wanda nake so amma ya ƙi zuwa hannu. Ya daɗe. Da ya samo, ya faɗa, na buga, na danna. Ja ne.

Ya ce in karanta masa abin da ke rubuce tun daga sama. Na karanta a hankali, har da kowane baka da kowane waƙafi. Ya saurara har ƙarshe, ya ce in sake. Na sake. Na ga a fuskarsa cewa ya ji layukan sarai, amma bai ji inda suka karye ba.

“Yaya,” ya ce, bai kalle ni ba, “ko yatsanki ne ya zame a wani wuri?”

Da wannan tambaya ƙofa ya buɗe mini, na kuma san da na shiga zai bi ni. Kalma ɗaya ce, in ce wataƙila, idona ba ya gani sosai, mu bari sai gobe. Zai rataya jakarsa ya tafi gida da maganar hannu a bakinsa, ya yi barci. Ban taɓa son yin ƙarya ba kamar a wannan lokaci. Amma ba don wannan ya tsallake matarsa da 'ya'yansa ya zo wurina ba.

“Abin da ka faɗa na buga, Tsanaki. Ko harafi ɗaya bai zame ba.”

Ya gyaɗa kai sau da yawa. Ya ɗauki hannun damansa da na hagu, ya dube shi kamar wanda zai ba shi haƙuri, ya mayar da shi cinya.

“To ba hannu ba ne,” ya ce.

Ya nemi in kira masa Dogo a waya in riƙe masa a kunne. Ya gaishe shi da kyau, ya tambayi iyalinsa. Sannan ya ce ya raba sauran shafukan alamomin ga wanda zai iya, a bar su ja har sai sun yi kore da gaskiya, shi kuma zai shigo ya kwashe kayan teburinsa. Na ji muryar Dogo tana tashi a wayar, yana roƙo. Ƙanena ya ce ya gode, ya yafe masa tun ranar, ya yi mini alama in kashe.

Na rufe kwamfutar na sa masa a jaka. Na ce in tare masa mota, ya ce a'a, ba ya son komawa gida yanzu, in ba shi wani abu ya yi. Na shimfiɗa yadin matar da na kora, na ja layi da alli, na ba shi gefe ɗaya ya riƙe. Ya danne shi da hannun hagu, ya miƙar da shi sosai yadda ba zai motsa ba. Na ɗauki almakashi na soma yanka, ina bin layin da ƙyar, don ba na ganinsa sosai.